Kwamfutar da Babanka Ya Lulluɓe da Tawul

Zuwa ga ɗana Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da surukata da jikokina. Allah ya sa albarka a aikinka, ya raya mana yaran, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan alhamdu lillahi. Auta ta fara aiki a asibitin da ta daɗe tana nema. Goggonka ƙafarta ta yi sauƙi, bakin kuwa dama ba abin da ya taɓa samun sa. Babanka yana zuwa gashin ƙashi ba fashi, yanzu yana hawa matattakala ba mai riƙe shi. Hannun daman ne har yau bai gama dawowa ba tun shanyewar jikin nan. Yana riƙe kofi, yana riƙe cokali, amma babban yatsan ba ƙarfi.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Na zaɓi biro ne don in na kira ka muryata za ta tashi, bangon gidan nan kuwa ka san bai iya riƙe sirri ba. Ban da haka kana da dabarar nan ta amsa mini da to, to, har in gaji in kashe. Takarda ba ta da wannan wayon. Ka zauna ka karanta, raina a ɓace yake da kai.

Ka san ba don yana buƙatar kwamfuta babanka ya ce ka aiko masa da kayanta a warwatse ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa cikin injinan gidan rediyo, wanda in tasha ta ɗauke shi ake nema, so yake ya ga wani abu ya sake kamawa daga hannunsa. Ya share teburin falo ya shimfiɗa jarida, ya jera ƙusoshin a murfin gwangwani, ya haɗa ta a hankali, da hagu in dama ta ƙi. Ranar da ya danna makunni fankokin suka juya, na ga fuskar da rabona da ita tun kafin asibiti. To, da ya sa filas, ƙaramar ma'ajiyar nan mai tsawon yatsa da zai zuba mata manhajar da za ta tafiyar da ita, sai tambari ya fito, 'yan ɗigo suka fara zagayawa a allo, can suka tsaya cak. Fanka na juyawa, fitila na ci, amma ita ta sandare. Ya kashe ya kunna, nan ta sake tsayawa, kamar jakin da ya ga rami.

Bai karaya ba. Ya sa Auta ta sake zuba manhajar a wani filas. Ya canza wayar allo. Ya cire faifan ajiya ya mayar. Ya kwance abin sanyaya ƙwaƙwalwar ya duba man da ke ƙarƙashinsa. Duk abin da zai yi ɗaya yake yi, ya gwada, sannan ya wuce na gaba. Tun ina amarya yake gaya mini ba a canza abu biyu a lokaci guda, don in injin ya tashi ba ka san wanda za ka gode wa ba. Abin da ya rage masa shi ne siraran sandunan nan biyu da kuke kira ram. Ina wanke-wanke na hango shi ta ƙofar kicin yana danna ɗan maƙallin da ke riƙe su. Yatsan ya zame. Ya sake, ya zame. Ya gwada da hagu, akwatin kwamfutar ya matse masa. Sai ya zauna yana kallon hannun nan a kan gwiwarsa. Bai kira ni ba, ni ma na ci gaba da murza tukunyar da ta riga ta fita.

A wannan yammacin ka kira. Ya buɗe muryar wayar don in ji yadda zai yi maka bayani, injiniya da injiniya. Ba ka bari ya kai ƙarshen zance ba ka yi dariya. Ka ce ya haƙura, hannun ba kamar da ba, wataƙila ma ya lanƙwasa wani abu a ciki bai sani ba, za ka aiko da haɗaɗɗiya ya huta. Na san tausayi kake nufi. Amma Dogo, na karanta littattafai da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin inda tausayi ya yi wa mutum yankan da naka ya yi ba. Ya ce maka Allah ya yi albarka. Ya tashi ya ɗauko tawul ya lulluɓe ta. Tun daga ranar ba ya zama a wannan ɓangaren falon, kuma ya daina yi mini gardama a kan labarai, ni kuwa wannan ya fi komai tsorata ni.

Shekarun da na yi ina aiki a ɗakin karatu ba jera littattafai kawai suka koya mini ba. Na ɗauko littafin bayanin da ya zo a kwalin na karanta shi daga bango zuwa bango. Marubucin ba shi da ladabi ko kaɗan, amma ba ya ƙarya. Wata safiya da Auta ta kai babanka gashi, na ɗage tawul ɗin, na zare wayar wuta, na yi yadda yake yi. Na cire sanda ɗaya na kunna, ta sandare. Na mayar da ita na cire ɗayar. 'Yan ɗigon nan suka zagaya, suka zagaya, sai ga allo ya buɗe yana tambayata da wane harshe nake so mu yi magana. Ban tsaya nan ba. Na ɗauki mai lafiyar na sa ta a ɗayan ramin, ta tashi. Marar lafiyar kuwa duk ramin da na sa ta sai injin ya ƙage. Ka gane? Ramukan lafiyarsu ƙalau. Hannun babanka bai lanƙwasa komai ba. Sanda ɗaya ce matacciya, kuma tun ranar da kaya suka iso na lura sandunan nan kaɗai ne ba a cikin kwalinsu suka zo ba, a naɗe suke cikin leda, da ƙura a gefensu. Daga tsohuwar kwamfutarka ka zaro su, ko ba haka ba?

Na mayar da matacciyar inda take, na rufe, na gyara tawul. Na daɗe ina tunanin ko daidai na yi. In na gaya masa, zai gode mini cikin ladabi, ya kuma ajiye a ransa cewa matarsa ta gyara abin da ya gagare shi. In kai ka kira ka ce ya cire sanda kaza, to umarni ka sake ba shi. Ba kwamfuta mai aiki ya rasa ba. Saura taki ɗaya ya kama ɓarawon da kansa ka tare masa hanya.

Don haka ga abin da nake so. Ka kira shi, ba a cikin mota ba, ba kana tauna wani abu ba. Ka gaya masa gaskiya, cewa sandunan tsofaffi ne, ba ka gwada su ba kafin ka aiko. Ka ba shi haƙuri a kan dariyar, a fili, kada ka kewaya. Sannan ka tambaye shi yadda zai bi ya gano ko su ne, ka yi shiru ka saurara har ya gama, ko da ka san amsar. In ya yi maganar maƙallin, ka ce ai Mama tana da yatsa. Sauran ka bar mini. Haɗaɗɗiyar nan kuwa in ta kuskura ta iso ƙofar gidana, tukunyar fure zan ɗora a kanta.

Kada ka ɗauki lokaci. Sauran kayan aikinsa duk ya mayar da su akwati ya tura ƙarƙashin gado, amma ƙaramin sukudireban nan mai jan hannu yana nan a kan tawul ɗin. Kullum da safe sai na duba ko yana nan.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce na gode da maganin ƙafar goggonka. Ka shafa mini kan Ƙaramin Dogo da 'Yar Baba. Auta da kawunka suna gaishe ka. Babanka bai san na rubuto ba, amma da ya sani da shi ma ya ce a gaishe ka, don shi bai iya fushi da kai ba. Ni na iya.

Taka har kullum,
Mamanka