Ragon Layyar Baba Sambo

Gwandu

Assalamu alaikum Yaya Shamsuddeen,

Ina fatan kana lafiya, da aikin asibiti. Ragon da ka aiko ya iso, kai, tubarkalla! Baba Sambo ya yi layya da shi, yana ta faɗa wa maƙwabta ɗansa likita ne ya saya masa. Fatar ma ya bayar a jeme masa buzun salla.

Amma Yaya, tun da ka canza masa maganin hawan jini ƙafafunsa suke kumbura, ga jiri. Shekara shida yana shan tsohon lafiya lau. In mayar da shi kan tsohon? Wallahi tsoro nake ji.

Ka gaida Anti Mufida.
Ƙanwarka, Jidda.

Kalgo

Wa'alaikumus salam Jidda,

Na ga saƙonki. Kada ki mayar da shi. Sabon ya fi inganci, kumburin zai sauka. Ki rage masa gishiri, ki bar wa likita aikinsa. Zan je taro Abuja, in na dawo zan leƙo.

Ki gaishe shi.
Shamsuddeen.

Gwandu

Assalamu alaikum Yaya,

Ya ƙarin haƙurinmu? Ka tafi da wuri ranar addu'ar bakwai, ba mu yi magana ba.

Bayan fitarka, direban da ya kawo ragon ya zo gaisuwa. Sunan da ke jikin motarsa shi ne a kwalin maganin Baba. Na tambaye shi, shi kuwa bai ga abin ɓoyewa ba. Ya ce kamfaninsu ke raba raguna ga likitocin da suka fi rubuta maganin, naka ne mafi girma. Har taron Abuja su suka kai ku.

Ni na tsinci Baba kwance a bakin rijiya, Yaya, baki ya karkace. Na san kwana ne ya ƙare. Amma don Allah ka amsa mini abu ɗaya: don ya fi kyau ka canza maganin, ko don su?

Ƙanwarka, Jidda.

Kalgo

Jidda, salamu alaikum,

Sau uku ina rubutu ina yagawa. Maganin ba jabu ba ne, wasu yana yi musu aiki. Amma Baba bai buƙaci canji ba. Da wasiƙarki ta zo, na so in ce a dawo da tsohon, sai na tuna wakilin kamfanin yana tafe da tikitin jirgi, na ce sai na dawo. Ban taɓa ce wa kaina don rago nake yi ba. Yau kuma ba zan iya rantsuwa cewa ba don shi ba ne.

Ki yafe mini.
Yayanki.

Gwandu

Yaya, wa'alaikumus salam,

Majemi ya kawo buzun jiya. Baba bai samu ya yi ko raka'a ɗaya a kansa ba, ni kuma na kasa. Ga shi nan na ba mai mota ya kawo maka, naka ne.

Allah ya jiƙan Baba.
Jidda.