Hoton da Baba Ya Goya

Yuli, 1947

Zuwa ga Yaya Tokuji,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ƙurar ramin kwal ba ta tayar maka da tarin nan ba. Nan zafi ya tsananta, shinkafa ta yi kore a fadama.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na manta fuskar Baba. Ina tuna muryarsa da farin alli a bakin hannun rigarsa, amma in na rufe ido ba na ganinsa. Hotunansa duk sun ƙone tare da gidanmu ranar da jirage suka zo, ranar da ya koma makaranta ya goyo hoton Mai Martaba Sarki, tunda shi ne malamin da ke tsaro. Hoton ya fita ko ƙwarzane babu. Baba ne bai kai yamma ba. Kai kana fagen yaƙi, labari kawai ka ji.

Ga dalilin wasiƙata. Mai Martaba zai biyo ta garinmu a rangadin da yake yi. Shugaban makaranta ya ce za a jera marayun yaƙi a gaba a filin tasha, ni ce ta farko saboda Baba. In Sarki ya tsaya ya tambaye ni, zan ce: “Mahaifina ya cika aikinsa da farin ciki, mu kuma muna cikin wadata.” Kullum in an tashi sai na maimaita a gabansa. Jiya ya ce, “Ɗaga murya, Mitsue, sauro ma ya fi ki amo.”

Kaka ta farke tsohuwar kimononta, doguwar rigarta ta kwalliya, tana rage mini. Ni dai ban san abin da zan yi ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Mitsue

Yubari, Yuli

Mitsue,

Na gaishe ki, ki gaishe da tsohuwa. Tari na nan, ni ma ina nan.

Wadata? Dankali safe da yamma ne wadatar? Ki ce wa shugaban naku ya zo ya leƙa tukunyarku.

Ki saurara. Da sunan Sarkin nan aka miƙa mini bindiga. Da sunansa saje ya kashe mini kunnen hagu da mari. Abokaina sun mutu suna kiran sunansa, wasu kuma yunwa ce ta hana su kira. Da aka gama, sai aka ce ashe mutum ne kamar kowa, ya cire kakin soja ya sa kwat da malafa. Hotunan makarantu kuwa, ai kin san an tattara su an ƙone bayan yaƙi. Har da wanda Baba ya goya.

Kada ki je. In kika tsaya kika faɗi maganar nan, kin yi wa Baba ƙarya, kuma kada ki ƙara rubuto mini.

Batun fuska, ki duba madubi. Goshinsa ne da ke, da kunnuwan nan nasa masu kama da hannun tukunya.

Yayanki, Tokuji

Ƙarshen Yuli

Zuwa ga Yaya Tokuji,

Ina gaishe ka da kyau. Na gode da maganar goshi, ta kunnuwa kuwa ban gode ba.

Kaka ta ga ambulan, ta ce sai na karanta mata. Na yi niyyar tsallake wasu wurare, ta ce, “Idona ne ya yi rauni, yarinya, ba kunnena ba. Karanta duka.” Da na gama ta ajiye allura ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗa:

“Kai mai baƙin hanci, wa ya tsayar da yaƙin? Ba don Sarki ya yi magana a rediyo ba, da yanzu ciyawa ce ke tsiro a kanka. Sarkin da ya ci yaƙi zaune yake a fadarsa. Wannan bai ci ba, kuma bai gudu ba, ga shi yana bin kangaye yana cire wa talakawa malafa.”

Na ce, “Kaka, ai an ƙone hoton.” Ta ce, “Na sani.” Can ta ce, “In ɗana a kan takarda ya mutu, to ni me zan riƙe?” Ta ɗauki allurarta ta ci gaba.

Yaya, ni ce ta ƙarshe da na ga Baba a tsaye. Yana ɗaura igiyar takalmi a bakin ƙofa, igiyar ta ƙi ɗauruwa. Na riƙe masa riga. Ya ce, “Sake ni, Mitsue. In hoton nan ya ƙone, ba wanda zai ƙara gaishe ku a garin nan.” Babu farin ciki a wurin. Amma kuma ba a kan takarda kaɗai ya tafi ba.

In na je na rasa ka. In ban je ba, Kaka ba za ta yi faɗa ba, kimonon za ta ninke ta ajiye, ni kuwa gara faɗan.

Ka amsa mini don girman Baba.
Ƙanwarka, Mitsue

Agusta

Zuwa ga Yaya Tokuji,

Gaisuwa da fatan alheri. Kullum ina tare mai kawo wasiƙa a bakin gada, har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

Gobe ne. An share filin tasha, an kafa allunan katako an rufe gidajen da suka ƙone.

Zan je. Zan riƙe wa Kaka hannu har inda aka ba tsofaffi tabarma, in shiga layi, in rusuna kamar kowa. Wataƙila ma ba zai tsaya ba. In ya tsaya ya tambaya, zan ce: “Mahaifina ya goyo hoton Mai Martaba ya rasu. Yana jin tsoro, amma ya je.” Iyakar abin da na gani ke nan.

Ban faɗa wa Kaka ba, ban faɗa wa shugaban makaranta ba. Yau ma na maimaita masa tasa maganar, ya ce madalla, muryata ta fara fita.

Ko ka amsa ko ba ka amsa ba, zan rubuto maka jibi.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Mitsue