Mijina Ya Rasu, Lambarsa Tana Sayar da Kifi

Zuwa ga Mushe Direkta, shugaban kamfanin salular da mijina ya riƙe layinsa, babban ofishinku, Yamai.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali da ma'aikata, ina kuma gaida ordinatarku, kwamfutar nan taku, wadda na ji an ce ita ke da magana ta ƙarshe a gidanku. Ba zan kira sunan kamfanin ba. Zamanin soja ne, kowa na auna bakinsa kafin ya buɗe, kuma kun san kanku.

Sunana Hadizatu, ina bandar kifi a Gaya, can bakin kogi. Na yi lakwal har aji shida, saboda haka da hannuna na rubuta wannan, kada a je a kama wani. Mijina Garba ya rasu bara, bayan babbar Sallah kaɗan, zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Ga abin da ya kawo ni gabanka.

Na ɗaya. Tun aurenmu ni ke hura wuta, ni ke juya tarwaɗa da giwan ruwa har hayaƙi ya cinye min ido, shi kuma yana riƙe da salula. Masu sayen kayanmu ƴan ƙetare ne, daga Malanville har Kandi da Parakou. Da aka rufe gadar kan iyaka aka jera kontena a kanta, sai ciniki ya koma cikin waya ɗungurungum: su kira Garba, ya ɗora kwanduna a jirgin ruwa, wani ya tarbe su a wancan gefen. Ni sunayensu kawai na sani. Lambobinsu suna cikin salular, salular kuma a kulle take da wani zane da yake yi da yatsa. Allah ya jiƙan Garba, mutumin kirki ne, amma namiji ya gwammace ya ba ka makullin rumbunsa da ya nuna maka wannan zanen.

Na biyu. A wurinmu ba a taɓa kayan mamaci sai an raba gado, matar mamaci kuma tana takaba wata huɗu da kwana goma. Aka kashe salular aka naɗe ta cikin rigunansa, aka rufe adaka. Ashe ku kuma kuna da taku takabar, ta wata uku: layin da ya yi shiru haka, kun karɓe abinku. Ba ni na yanka kwanakin takaba ba, ranka ya daɗe, kuma ban ji an ce an kira ku an yi shawara an rage su ba. Lokacin da na fito, kun riga ni da wata guda da ƴan kwanaki.

Na uku. Ranar rabo malamai sun ƙirga komai, har kujerar da ƙafarta ɗaya ta karye. Sun yi wa salular kuɗi kamar yadda suka yi wa fitila, ta faɗo a rabona. Ba wanda ya ambaci lambar da ke ciki, alhali ita ce gonar da ke ciyar da ni da ƴaƴa huɗu. Ban ga laifinsu ba, a littattafansu akwai raƙumi da rijiya, babu layi. Na kai ta wurin mai gyara, ya ce ba ta buɗuwa sai an wanke ta. Aka wanke ta tas, ta dawo min ba ta san kowa ba. Na ce ba komai, ai masu saye za su kira. Na zauna ina jira, ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya.

Na huɗu. Na je ajans ɗinku, wato ofishinku na nan Gaya. Wata yarinya mai ladabi ta ce sai mai layin ya zo da kansa da katin shaidarsa. Na ce mata ba zai samu zuwa ba, ya rasu. Ta yi min ta'aziyya har da ƙwalla, sannan ta sake cewa ai doka ce, sai ya zo. Na koma na karɓo takardar mutuwa daga meri, ofishin magajin gari, da hatimi da komai. Ta duba takardar, ta duba ordinatar, ta kira shugabanta, shi ma ya duba. Ya ce da ni a hankali, kamar mai yi min albishir, wai layin yana aiki lafiya lau, ko da safiyar nan an sa masa kiredi. Na tambaye shi ko in koma gida in ɗora wa maigidan ruwan wanka. Bai yi dariya ba, ya ce in rubuta takarda zuwa Yamai. To, ga ta.

Na biyar. Na ari wayar maƙwabciyata na kira lambar. Wani saurayi ya ɗauka. Ya ce da kuɗinsa ya saye ta wurin mai laimar sayar da layi a tasha, kuma tun ranar da ya sa ta mutane ke kiransa suna neman kifi. Da farko yana cewa sun yi kuskure, daga baya ya ga ai rabo ne ya biyo shi har ɗaki. Ya rantse min bai taɓa cewa shi ne Garba ba, sai dai in an ce Garba yakan amsa. Yana sayo ragowar kasuwa, wanda bai gama bushewa ba, ya ɗora a jirgi. Ashe haka ake ciki: a ƙasar da aka dakatar da jam'iyyu aka dakatar da zaɓe, har gada aka dakatar, mijina ne kaɗai ba a iya dakatarwa. Yana kwance a maƙabarta yana ciniki da ƙasar waje.

Na shida, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Makon jiya wani mai jirgi ya tsaya a ƙofar gidana yana ta kame-kame. Ya ce an ba shi saƙo ne a ƙetare, hannu zuwa hannu, daga Hajiya Safura ta Kandi, wadda ta fi shekara goma tana sayen kayanmu. Kwandunan da aka aika mata sun isa da tsutsa, ta yi asara, ta ji kunya a gaban nata mutanen. Saƙon shi ne: «A gaya wa Garba ya ci amana, Allah ya isa tsakanina da shi.» Ba ta san ya rasu ba, don wanda zai gaya mata shi ne ke ɗaukar kiranta.

Mushe Direkta, yunwa na iya daurewa, mun saba. Wannan ne ba zan iya ba. Mutumin da in kifi ɗaya ya karye a kwando sai ya cire shi ya ba yara, shi ake yi wa Allah ya isa a kabarinsa. Na aika amsa ta bakin mai jirgin, ban san ko za ta isa Kandi ba, ban kuma san mutum nawa ne suka faɗi irin tata maganar ba su aiko ba.

Ga roƙona. Ku mayar min da lambar, ku ba saurayin nan wata sabuwa wadda ba ta da maigida. Ku sa kwanakinku su wuce na takaba, don ba ni kaɗai ce macen da za ta zauna a ɗaki wata huɗu ba. Duk wanda ya zo sayen layi, ku tambaye shi wa zai gaje shi, ku rubuta, tunda dai kun iya tambayar sunan uwa da na uba. Malamanmu kuma, in wannan ta iske su, su riƙa tambayar lamba kafin su rufe adaka.

In kuwa ordinatarku ta ce duk wannan ba ya yiwuwa, to na haƙura da cinikin, zan koma tallar kifi a tire a bakin tasha. Amma ku kashe lambar. Ku sa duk wanda ya kira ya ji wannan muryar taku da ke cewa ba a samun mai ita, ita ce gaskiyar da ta rage. Mun wanke shi, mun yi masa salla, mun binne shi, saura ku.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ja kwananka, ya sa ranar da ka cika a samu mai riƙe sunanka da amana.

Wassalam.

Hadizatu mai banda, matar marigayi Garba,
Gaya.