Na Share Gona Kafin Su Zo

Zuwa ga uwargidana Siu-khim,

Gaisuwa mai yawa haɗe da kewa. Ya 'yarmu mai jego, ya jaririyar? Ciwon gwiwar naki fa? Ki rage hawa benen nan nasu.

Labarin gida babu daɗi. Kin san guguwa ta kwantar mana da ayaba kaf. Ni kuwa ba na iya kallon gona a kwance. Cikin kwana huɗu na sassare komai, na kwashe, na share tas. Maƙwabcinmu A-Tiam ko tsinke bai ɗaga ba, yana bisa babur yana ta ɗaukar hotuna da waya.

Jiya ma'aikatan gunduma suka zo duba ɓarna saboda tallafin gwamnati. Gonar A-Tiam sai wari da ƙudaje, nan take suka rubuta sunansa. Da suka tsallako tawa, wata mai gilashi ta ce, "Baba, ina ɓarnar? Mu abin da muka gani muke rubutawa." Wai ba a taɓa gona sai an duba ko an ɗauki hoto. Idan kuɗin nan ba su fito ba, bana ba mu ba dashe.

Mijinki,
Bun-liong

Siu-khim,

Ina gaishe ku, ina fatan jaririyar tana barinku ku runtsa.

Kuɗin A-Tiam sun fito. Ya yanka agwagi, ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ina wucewa ya ɗaga murya, "Sarkin aiki! Zo ka ɗanɗana ladan barci!" Kowa ya kwashe da dariya. Ba zan ɓoye miki ba, baƙin ciki nake yi da shi. Har ƙamshin miyar haushi ya ba ni. Shekara arba'in ina riga shi fita gona, ina barinsa yana minshari, yau shi ne mai wayo.

Na koma ofis. Sun ce in na kawo hoto mai kwanan wata kafin Juma'a za su sake dubawa. Duk ƙauyen nan mutum ɗaya ne ya tsaya a iyakar gonata da waya a hannu. Gara in ci shinkafa gaya shekara guda da in roƙe shi.

Bun-liong

Siu-khim,

Ya jikin naki? Ki gaida yaran.

Na je wurin A-Tiam. Ranar Alhamis, bayan na wuce ƙofarsa sau uku. Na shirya jin baƙar magana, amma ko tsokana bai yi ba. Ya buɗe waya, sai ga gonata, hoto talatin da biyu, kowace kusurwa, tun kafin in sa adda. Da kansa ya kai ni ofis a babur. Sun karɓa, za mu yi dashe.

A hanya na tambaye shi me ya sa ya wahalar da kansa. Ya ce, "Ni? Ina kwance matarka ta bugo mini waya tun da safe, washegarin guguwar. Ta ce, ka yi sauri ka ɗauki hoton gonarmu, wancan mai taurin kan ba zai saurare ni ba."

Ya kamata in yi murna, na sani. Amma tun jiya abinci ya ƙi shiga. Siu-khim, ni ma ina da waya. Tana aljihuna duk ranar, kuma ba ta yi ƙara ba.

Naki duk da haka,
Bun-liong