Kaset Ɗin da Ya Zo daga Legas

Haɗejiya,
6 ga Satumba, 1994

Zuwa ga Malama Dibora,

Gaisuwa mai yawa da fatan kin saba da Birniwa. Ki yi haƙuri da rubutuna, yana nan yadda kika bar shi a ajin yaƙi da jahilci.

Malama, hankalina a tashe yake. Kin san maigidana ba ya rubutu. Tun da cinikin banda ya kai shi Legas, a kaset yake aiko da saƙo: ya gai da Iya mahaifiyarsa, ya gai da kowa, ni ce ta ƙarshe. To, wata takwas shiru, sai dai mu ji a gari wai ya gina bene ya sayi motoci. Shekaranjiya direbansa ya zo lodin kifi ya miƙo kaset, ya ce nawa ne. Muka shimfiɗa tabarmi kamar kullum, maƙwabta suka shigo, aka sa sabon batir. Sai kiɗa dim-dim, wani ƙato yana zuba Turanci kamar mai faɗa, ko numfashi ba ya yi. Muryar maigida kuwa ko tari babu.

Iya ta ce sammu aka yi masa. Kawu Umara ya ce ƙila saki ne ya aiko da Turanci don kunyar Iya, wai in fara shirin idda. Tun ranar ban ci abinci ba. Ga kaset ɗin nan, don Allah ki gaya mini gaskiya ko ba daɗi: da aurena ko babu?

Ɗalibarki,
Hajja

Birniwa,
11 ga Satumba, 1994

Hajja ƙawata,

Ina gaishe ki, ki gai da Iya. Tashi ki ci abinci tukuna, sannan ki ƙarasa karatu. Babu saki a ciki, ko rabinsa.

Ni kaina Turancina na aji bai kamo mutumin ba, sai da na kira ƙanena Habila, wanda ya cika mana gida da irin wannan hayaniya. Raf ake ce mata, gambarar baƙaƙen Amurka. Sau tara muna mayar da kaset baya da biro. Ga abin da ƙaton yake cewa. Yana da gida mai ɗakuna da yawa, amma in ya shiga ba mai cewa sannu da zuwa. Duk mai yi masa dariya aljihunsa yake kallo. Ya tuna wata da ta zauna da shi lokacin da rigarsa ɗaya ce, in an wanke sai ya jira ta bushe. Ya ce a kwashe motocin a mayar masa da ita. Ba faɗa yake yi ba, Hajja, kuka ne da kiɗa.

Ki ce wa Kawu Umara ya bar fassara, ya koma gonar shinkafarsa. Maigidanki Malam Inuwa kuma in ya zo, ni da shi ne.

Taki,
Dibora

Legas,
19 ga Satumba, 1994

Zuwa ga Hajja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, wannan takarda mai rubutun bakin gidan waya ne ya rubuta, kuma Bayarabe ne mai jin Hausa, don haka ba zan tsawaita ba.

Direba ya ba ni labarin abin da ya faru, na kwana biyu ban fita kasuwa ba. Wallahi saki bai taɓa zuwa raina ba. A shagon maƙwabcina na ji waƙar, ɗansa ya fassara mini, na ji kamar ni aka leƙa. Na sha danna rikoda in faɗa miki da kaina, sai in tuna Iya na zaune a tabarma da rabin unguwa, in kashe. Shi ya sa na yi shiru wata takwas. Na ce in aiko da abin da ba wanda zai ji, ke kuma na san ba za ki bar shi ba sai kin binciko. Ban yi lissafi da Kawu ba.

Ki yafe mini. Ina nan tafe.

Inuwa

Haɗejiya,
2 ga Oktoba, 1994

Malama,

Ina gaishe ki da Habila. Maigida ya iso ran Juma'a. Kogi ya cinye hanyar gonarmu, aka ce masa ina can, ya ajiye motar ya shiga kwalekwale da babbar rigarsa. Ya tsaya a bakin kunyar gona yana tambayata yaya shinkafa ta yi bana, har sau uku. Maganar waƙa bai yi ba, ni ma ban tayar ba. Ya dai ce in haɗa kayana, ba ya komawa shi kaɗai.

Malama, da aurena. Allah ya saka miki.

Hajja