Tagar da ke Daf da Ƙasa

12 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Yayata Kikue,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yanzu da sanyi ya ja da baya? Ni dai ina nan, haƙora na raguwa, surutu na ƙaruwa.

Har yanzu ina zuwa hura wuta a gidanmu ran Talata da Asabar. Na san ba kya son ina ce masa gidanmu tun da aka kwance shi gabanin madatsar ruwa ta shanye ƙauyen, aka sake kafa shi a filin gidan tarihi. To, rufin ciyawa bai san an mai da shi abin kallo ba. In bai sha hayaƙi ba, ƙwari za su cinye shi. Sai in zauna bakin murhu, 'yan makaranta su kewaye ni, in nuna musu saƙar takalmin karan shinkafa, in yi musu tatsuniyoyin Kakarmu.

Asabar da ta wuce na ja jikata Mayuko, ta biyo ni tana kumbure-kumbure. Wai, "Kaka, kai ma ai sai su liƙa maka allon bayani a goshi su ajiye ka nan." Na ce aƙalla ni za a biya a kalle ni. Ta bar ni da tatsuniyata ta shiga zagaye. Can sai ga ta ta dawo ta ja ni har ƙofar ƙaramin ɗakin nan na arewa, inda aka gitta igiya, aka rubuta "ɗakin ajiya". Ta ce, "Wane irin ɗakin ajiya ne da taga daf da ƙasa? Buhunan shinkafa ne ke leƙen waje?"

Yaya, na yi tari na ce hayaƙi ne. Ni na faɗa wa ma'aikatan cewa ɗakin ajiya ne, shekara ashirin da shida ke nan. Ban ce musu nan Inna ta kwanta shekara uku da tarin fuka ba, ana ɓoye ta don kada a guji gidanmu.

Ki gaida maƙwabciyarki mai kawo miki kabewa.

Ƙanenki,
Tsuneo

9 ga Mayu

Yaya Kikue,

Bayan gaisuwa, ina fatan maganin da aka canja miki ya karɓe ki. Shirunki ya iso, na kuma karanta shi.

Yarinyar nan ta ƙi barin maganar. Wadda da sai na yi mata alkawarin alewa take biyo ni, yanzu ita ke tashina. Ta zo da abin awo daga makaranta, ta ce tagar taƙi ɗaya ce daga daɓe, kuma yankan ba na kafinta ba ne, ya karkace. Da na ji haka sai da na ga Baba a zuciyata, durƙushe da zarto. Jiya ta ce, "Tsoho, ka sani, ƙin faɗa kake yi." Ba ta yi dariya ba.

Na shekara goma ina gaya wa yara cewa nan za su ga yadda mutanen da suka rayu. Ashe na share musu ɗaki guda. In na sake yi mata ƙarya, ba na jin za ta ƙara yarda da komai a filin nan, har da ni.

Amma labarin ba nawa ba ne ni kaɗai. Ke kika shiga ɗakin kina 'yar sha uku, ke kika wanke tsummokaran, ke ce masu neman aure suka daina tambaya bayan ƙauye ya gane. Ni an hana ni ko taka bakin ƙofar, na girma lafiya lau, na yi aure, na tara jikoki. In kin ce a'a, na rufe bakina har ranar da za a ƙona gawata da shi.

Ina jiran amsarki.

Ƙanenki,
Tsuneo

16 ga Yuni

Yayata,

Ina gaisuwa. Ya ruwan sama a wajenku? Takardarki ta zo, layi huɗu cif. Kin ce in faɗa, kada in mai da ke abar tausayi, kuma kada in buɗe baki sai na shiga ɗakin da kaina, tun da shekara sittin ina kewaye shi kamar kyanwa da ruwa.

Na sami shugabar wurin na gaya mata gaskiya. Ta je ta kwance igiyar da hannunta. Za a sake allon, da sunan Inna.

Jiya na shiga. Tabarma uku ne kacal faɗinsa, Yaya, ban taɓa sani ba. Na kwanta inda shimfiɗarta take, na juya fuska wajen tagar. Na yi zaton dutse Baba ya so ta riƙa gani, ko sama. Ba a ganin ko ɗaya. Tsakar gida kawai ake gani, daga gwiwar mutum zuwa ƙasa.

Mayuko tana waje tana kira, "Kaka, me kake gani?" Na ce ƙafafunki, kuma igiyar takalminki ta hagu ta kwance. Ina faɗa sai na ji muryar Inna ta cikin bango tana cewa, "Tsuneo, takalminka ya tsinke, kai wa yayarka." Ina yaro na ɗauka duba take yi. Ashe shekara uku iyakar abin da ta samu na ɗanta ke nan.

Yarinyar ta shigo ta kwanta gefena, na ba ta labarin duka, da naki a ciki, ba tare da na rage ba. Ta saurara har ƙarshe. Sai ta ce in fita tsakar gida in yi tafiya a hankali, tana so ta gani.

Na fita, Yaya. Na kai na komo sau uku.

Ƙanenki,
Tsuneo