Sati Uku Ban Sha Magani Ba

Baban Suhaib,

Ka yafe min, ban jira ka dawo daga gona ba. Da safen nan hannuna ya kama rawa har ƙwaryar kunu ta suɓuce min. Sati uku ke nan ban sha maganin da ke fitar da sinadarin jan ƙarfen nan da ke taruwa a hantata ba. Ina zaton juna biyu gare ni, na ji tsoron ya taɓa cikin. Na kira likita, ya ce, "Wasila, dainawar ce haɗarin, ki taho yau."

Anti Gaji za ta raka ni Kano, a Gaya za mu hau mota. Ka biyo mu, don Allah. Da irin rawar hannun nan ciwon ya fara wa Yaya Da'u, Allah ya jiƙansa.

Wasila